Hannun da Bai Iya Jira Ba

A shekarar 2024 ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago a Amurka ta buga wasa 162 a gasar besbol, ta sha kashi a 121. Akwai lokacin da ta jera wasa 21 ba ta ga nasara ba, har aka sallami kocinta a watan Agusta. Maki 507 kacal ta tara, mafi ƙaranci a gasar. Mai karatu zai ce ina ruwan Bazamfare da wasan da ba a yi a ƙasarsa. Ruwansa shi ne cutar da ta kama masu dukan ƙungiyar, domin irinta ce ke cin fagen dambenmu.

A besbol, mutum yana tsaye da sanda, wani ya jefo masa ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya, da gudun da kan kai kilomita 150 a awa. Abin da yake da shi na yanke shawara bai kai rabin daƙiƙa ba. Kuskure uku ke fitar da shi. Amma in jifa ta kauce wa gurbin da doka ta shata, ya ƙyale ta har sau huɗu, sai a ba shi matakin farko kyauta. Shi ya sa mai jifa mai wayo ba ya ɓata ƙwallo mai kyau a kan mai garaje; ta gefe yake miƙa masa, ya san zai bi. Ted Williams, wanda ya dace a fiye da kashi 40 cikin 100 na dukansa a 1941, ya gina koyarwarsa ne a kan jiran ƙwallon da ta cancanci duka. Fari kuwa kansa yake ciyarwa: wanda ya kwana biyu bai dace ba hankalinsa kan tashi, sai ya riƙa kai wa kowace jifa duka, sai farin ya ƙara tsawo.

To, a dubi dambe. Turmi uku ne, hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan yana kariya da awon tazara. Duk wanda ya kalli tsofaffin hannu a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san yawancin turminsu zagaye ne da kallon ƙafa da kafaɗar abokin karawa. Hannu ba ya fita sai ƙofa ta buɗe. Yau yaro zai shiga fage ya zuba naushi goma a iska kafin ya daidaita tsayuwarsa, numfashi ya ƙare, a rungume juna, a tashi babu kisa. In kuwa ya gamu da mai haƙuri, shi ke faɗuwa, don duk naushin da ya kuskure haƙarƙari da muƙamuƙi yake bari a buɗe.

A ganina laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Wayar hannu ba ta ɗaukar jira. Daƙiƙa talatin na hargitsi ake yaɗawa a Facebook da TikTok, masu liƙi kuma abin da ya tada ƙura suke bi. Makaɗa ma suna da nasu kason. Kalangu zuga yake yi, haka yake tun zamanin da Ɗan Anace ke wa Shago waƙa, amma a da akwai ubangida a gefen fage wanda kallonsa kaɗai ke mayar da yaro hayyacinsa. Rashin tsaro ya rage taron dare a ƙauyukanmu, matasa da dama sun koma gidajen dambe na Kano da Abuja, nesa da waɗanda suka fara ɗaure musu hannu.

Masu besbol suna ƙirga sau nawa ɗan wasa ya bi ƙwallon da ta kauce, su nuna masa a hoton bidiyo washegari. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ke ɗaukar wasa a Dakko bayan an kai amfanin gona gida za ta iya yin aikin: ubangida ya zauna da yaronsa da safe, su ƙirga naushi nawa ya fita, nawa ya sauka, kuma a wane turmi ƙafarsa ta fara rawa.