Yawan Fuskokin Linux Ba Ɓarnar Ƙarfi Ba Ne

Akwai maganar da ke yawo a bakin masu sha'awar kwamfuta, daga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero har masu gyaran na'ura a Jega: wai masu gina Linux sun raba ƙarfinsu a banza. Ga GNOME, ga KDE, ga Xfce, kowa na zana tagogi da maɓallai irin na ɗan'uwansa. Da sun haɗa kai, in ji su, da tuni sun kere Windows. Kishi ne ke sa a faɗi haka, kuma abin a yaba ne, sai dai lissafin bai cika ba.

Rabuwar farko tana da dalili. Matthias Ettrich ya fara KDE a 1996 bisa Qt, wani tarin kayan gina manhaja wanda lasisinsa a lokacin bai ba kowa 'yancin gyarawa da rarrabawa ba. Shi ya sa Miguel de Icaza da Federico Mena suka kafa GNOME a 1997. Sai a 2000 kamfanin Trolltech ya saki Qt da lasisin GPL. Gardama ce a kan 'yanci, ba son suna ba.

Sannan ana ɗauka cewa in an rufe KDE, mutanensa za su koma GNOME. Mai aikin sa kai ba ɗan ƙodago ba ne. Wanda ya fito gayya don gonar da ransa ke so, in aka hana shi ita, gida zai koma da fartanyarsa.

Kuma bambancin ya fi yawa a saman fuska. A ƙasa galibi sun dogara da manhajar Mesa wajen sarrafa katin hoto, kuma tun 2000 suke zama a freedesktop.org suna daidaita ƙa'idoji. Amfanin yawan fuskokin kuwa mu ya fi shafa. Yaron da ya sayi laftof na hannu mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, GNOME zai yi masa nauyi, amma Xfce ko LXQt zai tashi ya yi masa aikin makaranta. Da fuska ɗaya ce, da wuya a yi ta daidai da na'urarsa.

Ban musa ba, an yi asara. Kristian Høgsberg ya fara Wayland a 2008 don maye gurbin X11, tsohon tsarin nuna tagogi a allo, sai kamfanin Canonical ya fito da nasa, Mir, a 2013, ya kuma janye shirin a 2017. Shekarun nan sun tafi. Amma 'yancin da ya ba da damar wannan kuskuren shi ne ya yi ceto a 2004, lokacin da XFree86, manhajar da ke tafiyar da X11, ya sauya lasisi: masu aikin suka ɗauki rubutun manhajar suka ci gaba da sunan X.Org, ba wanda ya iya riƙe musu hannu.