Dannau: Abin da ke faruwa idan hankali ya farka amma jiki bai farka ba

Da wuya a samu gidan Bahaushe da ba a taɓa ba da labarin dannau ba. Mutum zai farka cikin dare ko gab da asuba, yana ganin ɗakin da yake kwance, yana jin ƙarar fanka, amma ko yatsa ba zai iya ɗagawa ba. Idan ya yi yunƙurin kiran na kusa da shi, sai murya ta maƙale. Sau da yawa yakan ji kamar an aza masa buhun hatsi a ƙirji, wasu ma sukan ga inuwar wani abu tsaye a bakin ƙofa. Bayan daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci sai abin ya sake shi, ya bar shi cikin gumi da bugun zuciya.

Fassarar da mutum ya yi wa wannan lamari ita ce ke shata abin da zai biyo baya. Wanda ya ɗauka jifa aka yi masa zai fara duban kishiya ko maƙwabci ko abokin aiki da wani ido. Wani zai kwashe abin da ya tara ya kai wa boka. Wata kuma za a ce mata namijin dare ne ya aure ta, ta shiga zullumin da zai hana ta barci, alhali rashin barcin na cikin manyan abubuwan da ke jawo dannau.

Unguwar da dare bai cika yi mata tsawo ba

Rukunin gidajen Gwarinpa, wanda Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, na cikin mafi girma a Najeriya, kuma rayuwar cikinsa na nuna yadda birni ke cinye barcin mutane. Ma'aikacin gwamnati kan fita da sassafe don ya riga cunkoson babbar hanyar Kubwa. Masu gadin gidaje, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, kan kwana ido biyu, su rama da rana a kan benci. Mai shayi da mai tsire ba su tashi sai dare ya raba, direban Keke Napep kuma da asuba yake fitowa daga Dawaki ko Karsana. Ga ƙarar janareta, ga zafin watannin Maris da Afrilu, ga wayar salula da matasa ke riƙe da ita har ƙarfe biyu na dare.

Binciken masana barci ya nuna cewa ƙarancin barci, da sauya lokacinsa yau da gobe, da aikin dare, da damuwa, da kwanciya rigingine, su ne abubuwan da aka fi samu tare da dannau. Duk wanda ya san unguwannin Abuja ya san cewa huɗun farko sun zama ruwan dare.

Yadda abin yake a ƙwaƙwalwa

Barci matakai ne da ke zagayowa kusan kowane minti 90. A 1953, wasu masana biyu a Jami'ar Chicago da ke Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai matakin da ƙwayar idon mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a lokacin yakan ce mafarki yake yi. Wannan mataki, da likitoci ke kira REM, yana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na barcin baligi, kuma ya fi tsawo a ƙarshen dare.

A cikin wannan mataki ƙwaƙwalwa na aiki kusan kamar ta wanda yake a farke. Don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske, wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa laka, a dakatar da tsokokin hannu da ƙafa da wuya. Wani likita Bafaranshe, Michel Jouvet, ya tabbatar da haka a birnin Lyon: kyanwoyin da aka lalata musu wannan sashe sun riƙa tashi suna farauta da faɗa alhali barci suke yi. Ke nan sandarewar jiki a lokacin mafarki kariya ce da kowa ke samu kowane dare, sai dai ba ya sani.

Dannau na aukuwa ne idan aka samu saɓanin lokaci, wato hankali ya riga ya dawo amma ba a kwance wa jiki ɗaurin ba tukuna, ko kuma ɗaurin ya sauko kafin hankali ya gama gushewa. Daga nan ake gane dalilin kowace alama. Nauyin ƙirji na zuwa ne saboda tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari na cikin waɗanda aka dakatar. Tantanin da ke ƙarƙashin huhu na ci gaba da jan numfashi, don haka iska ba ta yanke ba, amma idan mutum ya firgita ya nemi jan dogon numfashi ya kasa, sai ya ji kamar an danne shi. Inuwar da ake gani da sautin da ake ji kuwa ragowar mafarki ne da ya malalo cikin farke, a daidai lokacin da sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari ke kan aiki.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, Allan Cheyne, tare da abokan aikinsa, sun kasa abin da masu dannau ke ji gida uku: jin cewa akwai baƙo a ɗaki, jin an danne ƙirji ko an shaƙe wuya, da jin kamar mutum na shawagi ko ya fita daga jikinsa yana kallon kansa daga sama. Kashi na ukun nan ne ya sa masu nazarin hankali da ruhi ke ba dannau muhimmanci, domin yana nuna cewa jin “ina cikin jikina” abu ne da ƙwaƙwalwa ke harhaɗawa daga saƙonnin ido da kunne da gaɓɓai, kuma yana iya rikicewa idan saƙonnin suka saɓa.

Kowace al'umma da sunan da ta ba shi

Larabawa na kiransa jasum ko kabus, Turkawa na cewa karabasan, mutanen Japan na cewa kanashibari, Yarabawa kuma na da ogun oru, wato yaƙin dare. Likitocin Musulmi na da can sun ɗauke shi a matsayin larura ta jiki. Akhawaini na Bukhara ya siffanta kabus a littafinsa na koyar da likitanci tun ƙarni na 10, Ibn Sina ma ya yi magana a kansa a cikin Al-Ƙanun. A Turai, wani likita ɗan ƙasar Holan, Isbrand van Diemerbroeck, ya rubuta labarin wata mata mai fama da shi a 1664, kuma ya lura cewa abin ya fi zo mata idan ta kwanta rigingine.

A 2011, Brian Sharpless da Jacques Barber sun tattara bincike 35 da aka yi a kan mutane sama da 36,000. Sun samu cewa kashi 7.6 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantar dannau aƙalla sau ɗaya, adadin ya kai kashi 28.3 a tsakanin ɗalibai, da kashi 31.9 a tsakanin masu jinyar larurar ƙwaƙwalwa. A nan gida ma, binciken da likitan ƙwaƙwalwa Jude Ohaeri ya jagoranta a Ibadan ya nuna cewa abin ya zama gama-gari tsakanin ɗalibai masu ƙoshin lafiya.

Wani bincike da Baland Jalal da Devon Hinton suka wallafa a 2013 ya kwatanta Masar da Denmark. A Masar, inda da yawa ke danganta lamarin da aljanu, mutane sun fi yawan fuskantarsa, sun fi firgita, kuma sun ce yana daɗewa a kansu fiye da yadda mutanen Denmark suka ce. Bayanin da masanan suka bayar shi ne tsoro na ciyar da kansa: wanda ke fargabar dare ba ya samun barci mai nauyi, barci marar nauyi na buɗe ƙofar dannau, dannau kuma ya ƙara tsoron.

Tsakanin addu'a da asibiti

Samuwar aljanu abu ne tabbatacce a aƙidar Musulmi, har akwai sura guda da sunansu, kuma aya ta 42 a Suratuz Zumar ta yi magana a kan karɓar rayuka a lokacin barci. Kiristoci ma na da nasu addu'o'in neman tsari. Bayanin likitoci bai taɓa wannan fage ba. Abin da ya nuna shi ne alamomin dannau na da sanannen sababi a jiki, saboda haka faruwarsa kaɗai ba hujja ba ce ta cewa an yi wa mutum asiri, balle a tuhumi wani.

Akwai ma inda hanyoyin biyu suka haɗu. Sunnar kwanciya a gefen dama bayan alwala ta dace da shawarar likitoci ta guje wa rigingine. Azkar ɗin kwanciya barci na kwantar da zuciya, natsuwa kuwa na karya zagayen tsoron da aka ambata. Haɗa kula da addini da kula da jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya bar rubuce-rubuce a kan magani. A Kudu, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda ya yi aiki tare da dangin majinyata da masu maganin gargajiya.

Inda ake samun ɓarna shi ne duka da ɗauri da sunan fitar da aljani, da tatsar kuɗin mai rauni. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa da ke Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, ya nuna inda rashin sa ido ke kaiwa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu larurar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya kamata a yi

Dannau shi kaɗai ba ya kisa, ba ya shanye jiki, kuma ba alamar taɓin hankali ba ne. Idan ya zo, abin da ya fi taimako shi ne mutum ya tuna cewa zai wuce, ya bar kokawa da shi, ya bi numfashinsa a hankali, ya yi ƙoƙarin motsa yatsa ko ido. Taɓawa ko kiran suna daga wanda ke kusa kan yanke shi. Don rage dawowarsa, baligi na bukatar barcin aƙalla sa'o'i bakwai a tsayayyen lokaci, da rage goro da shayi da gahawa da yamma, da ajiye waya kafin kwanciya. Mai aikin dare ya nemi wuri mai duhu da shiru don ramuwar barcinsa.

Akwai lokutan da ganin likita ya zama dole. Idan abin na maimaituwa har yana hana barci, ko yana tare da barci mai kayar da mutum da rana da sakin jiki lokacin dariya, yana iya zama larurar da ake kira nakolefsi, wadda ta bambanta da ciwon barcin da ƙudan tsando ke jawowa. Idan akwai fizge-fizge, ko cizon harshe, ko sakin fitsari, a bincika farfaɗiya. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi shi ma wata larura ce mai magani. Haka nan wanda ya tsallake garkuwa da mutane ko harin 'yan bindiga ko haɗarin mota, ya kuma riƙa ganin abin a barci, yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa.

Mazauna Gwarinpa da kewaye na iya farawa daga Babban Asibitin Gwarinpa, daga nan a tura su Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada idan akwai bukata. A jihohin Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Zai taimaka wa likita idan mai larurar ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa, da ranakun da abin ya zo masa, na tsawon mako biyu kafin ya je.