Fadamun Mizuri da Mutanen da Aka Raba da Su

A tsakiyar Amurka akwai wani makeken filin ciyawa da ya miƙe daga Kanada har Texas. Ruwan sama kaɗan ne, iska ba ta hutawa, bishiya kuwa sai a bakin kogi. Baƙo zai ɗauka fako ne kawai, amma mutanen asalin wurin, irin su Lakota, Mandan, Hidatsa da Arikara, sun san inda arzikinsa yake ɓoye.

Ciyawar wannan ƙasa gajera ce, amma saiwarta kan nutsa fiye da mita guda. Shi ya sa fari da gobara da kiwon miliyoyin ɓauna ba su kashe ta. Da manoma baƙi suka kifar da ita da garma, ƙasa ta rasa abin riƙe ta, aka sha guguwar ƙura a shekarun 1930. A cikin wannan ciyawa matan Lakota ke tonon timsila a watan Yuni, wata saiwa mai kama da rizga, su kitsa ta kamar igiya su shanya don hunturu. Sukan kuma daka busasshen nama da kitse da 'ya'yan itacen daji su yi wasna, guzurin da ke daɗewa bai lalace ba.

Sai dai a da, cibiyar rayuwa ita ce fadamar Kogin Mizuri. Nan matan Mandan da Hidatsa ke noman masara, wake da kabewa a ƙasa mai laushi da ambaliya ke sabuntawa. Nan ake fakewa idan sanyi ya tsananta, a samu itacen wuta da magunguna da namun daji. Bishiyar kotinwud, wadda 'ya'yanta ke fitar da auduga kamar rimi, ɓawonta ake ba dawaki idan ƙanƙara ta rufe ciyawa, kuma ita Lakota ke kafawa a tsakiyar fili a babban bikin ibadarsu.

A 1944 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin Pick-Sloan na datse kogin, don hana ambaliya da samar da lantarki. Madatsar Garrison ta nutsar da eka fiye da 150,000 na yankin Fort Berthold, mazaunin Mandan, Hidatsa da Arikara. Akwai sanannen hoton 1948 da ke nuna shugaban majalisar ƙabilun, George Gillette, yana kuka ana sa hannu a takardar miƙa ƙasar. Madatsar Oahe, wadda Shugaba Kennedy ya buɗe a 1962, ta cinye kusan eka 160,000 na yankunan Lakota na Standing Rock da Cheyenne River. An biya diyya, an kwashe mutane zuwa tudu, inda ba inuwa, ba itace, ba ƙasar da fartanya za ta shiga. Kuɗin sun biya eka, amma ba wanda ya iya dasa fadama a kan tudu.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin abin da ya faru a 2016 ba, lokacin da dubban mutane suka yi sansani a Standing Rock don hana bututun mai ratsawa ƙarƙashin tafkin Oahe. Takensu da harshen Lakota shi ne Mni Wiconi, wato ruwa shi ne rai. Da yawa daga masu faɗin haka jikokin waɗanda gonakinsu ke kwance a ƙarƙashin wannan tafki ne.