Kaduna a Idon Baƙo Mai Ɗaukar Hoto: Daga Kawo Zuwa Bakin Kogi

Ɗaukar hoton gari ba sana'ar masu babbar kyamara kaɗai ba ce yanzu. Ɗalibin da ya zo karatu daga Maraɗi, da ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, da ɗan kasuwar da zama ya kama shi a Kaduna, kowannensu na da waya a aljihu, kuma idonsa na tsayawa a kan abin da ɗan gari ya daɗe da daina gani. Wannan sabon ido shi ne jarin baƙo, sai dai ba ya daɗewa. Bayan 'yan watanni shi ma zai saba, ya riƙa wucewa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Wanda ya shigo Kaduna ta hanyar Zariya, Kawo ce ke fara tarbarsa. Sabuwar gadar sama da aka buɗe a watan Janairun 2022 ta canza fuskar unguwar gaba ɗaya, har wanda ya yi shekara goma rabonsa da wurin zai iya kasa gane inda yake. A kusa da ita akwai tashar mota, inda ake lodin Kano da Katsina da Zariya, ga kuma kasuwar da ke cika maƙil ranar Talata. A nan ne zanen titi na gaskiya yake. A biranen Turai bangon gidaje ake bi ana neman zane. A Kawo zanen yawo yake yi a kan taya. Bayan gingimari akwai zaki da dawisu da masallaci da dagin Arewa, an rangaɗa musu fenti mai ƙarfi, an ɗora karin magana ko addu'a a sama. Allunan masu aski da na masu gyaran waya ma aikin hannu ne, kuma injin buga leda yana ta korar masu yin su. Hoton irin waɗannan alluna ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, domin in aka sauke allo aka maye gurbinsa, ba wanda ke adana tsohon.

Daga Kawo in aka gangara kudu ta titin Ali Akilu, gine-ginen tarihi ne ke biye da juna. Akwai Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, da gidan adana kayan tarihi na ƙasa, sai Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Can gaba ga zauren Lugard mai ƙubba, wanda ya kasance majalisar Jihar Arewa, yau kuma majalisar dokokin jihar Kaduna ke zama a cikinsa. Dandalin Murtala shi ya karɓi babban hawan dabar bikin FESTAC na 1977. Otal ɗin Durbar da aka gina domin baƙin wannan biki an rushe shi a 2020, kuma abin da ya rage masa a yau shi ne hotunan da mutane suka ɗauka yana tsaye.

Wurin shaƙatawa da ya fi suna shi ne Ƙofar Gamji, a bakin kogin Kaduna. A cikinsa akwai 'yar gadar ƙarfe ta Lugard, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, lokacin da can ne hedikwatar Turawan mulkin mallaka, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan. Mafi yawan masu tsayawa a kanta suna ɗaukar hoton salla ba su san ta haura shekara ɗari ba.

Haske na da lokacinsa. Tsakar rana takan ƙone launi ta zuba inuwa mai duhu a fuska, don haka hantsi da bayan la'asar sun fi. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana dusashe abin da ke nesa amma yana tausasa na kusa, kuma ƙurarsa na bukatar a riƙa goge idon kyamara. Damina kuwa takan wanke sama ta cika kogi, lokacin ne Gamji ke yin kore shar.

Abin da ya fi haske muhimmanci shi ne izini. Kaduna garin soja ne, Kawo kuma na tsakiyar abin: hedikwatar runduna ta ɗaya da tsohuwar harabar makarantar horar da hafsoshi suna wannan yanki, sansanin sojan sama na Mando ba nisa. Ba a ɗaga waya a ƙofar bariki ko shingen bincike, haka ma gidajen gwamnati sai an tambayi masu gadi. Matambayi ba ya ɓata. A kasuwa da tasha sallama ce ke buɗe hanya: a gaisa da mai rumfa ko direba, a faɗi abin da ake so, in ya ƙi a haƙura. Mata da yara da almajirai ba kayan kallo ba ne, kuma bai dace a watsa fuskar mutum a Facebook bai sani ba. Direban da aka nemi izininsa sau da yawa shi da kansa zai goge jikin motar, har ya faɗi sunan mai zanen da garejin da aka yi aikin.

Wannan bayanin shi ke mai da hoto shaida. A rubuta sunan wurin, da ranar, da wanda ya yi zanen in an samu, sannan a ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, domin waya na ɓata ko ta lalace. Masu binciken da ke zuwa Gidan Arewa neman yadda Kaduna take a zamanin Sardauna sun fi amfana da hoton da aka rubuta wa wuri da shekara a bayansa.