Ƴar aisin da ke kashe fitilar mazaɓa, da abin da ake dubawa kafin a musanya ta

Gwarzo da Kabo mazaɓa guda ce a Majalisar Wakilai, kuma kamar sauran mazaɓu, fitilun sola na cikin ayyukan da ƴan siyasa suka fi son ƙaddamarwa. Idan fitila ta mutu, batir ake fara zargi. Sau da yawa zargin gaskiya ne, amma wani lokaci batirin kansa kashe shi aka yi, kuma mai laifin bai kai girman ƙwayar wake ba.

A cikin na'urori masu sauƙin ƙira, na sola da sitabilaiza, akwai wata aisi da aikinta kwatance ne kawai. Tana auna ƙarfin wuta biyu, ta faɗi wanda ya rinjaya. Da hukuncinta fitila ke gane rana ta faɗi, da shi kuma ake tsinke wa batir mai bolt 12 lodi idan ya sauko kusan bolt 11. In ta lalace, fitila na iya kwana ta wuni a kunne har batir ya tsotse.

Fitattun irinta, LM393 mai ƙafa 8 da LM339 mai ƙafa 14, tun shekarun 1970 suke, kuma har yau ana ƙera su. Kamfanin National Semiconductor da ya fito da su ma Texas Instruments ya saye shi a 2011. Wahalar tana ga wadda aka daina ƙerawa, ko wadda mai haɗa na'urar ya kankare lambarta don kada a kwaikwaye shi. A nan ne mai gyara zai nemi madadi a shagunan Sabon Gari a Kano, kuma a nan kuskure yake.

Kama da wane ba ta wane. LM358 tana da tsarin ƙafafu iri ɗaya da LM393, ta zauna daram a gurbinta, amma don ƙara ƙarfin sigina aka yi ta, kuma ta fi jinkirin juyawa. LM393 kuwa ja ƙasa kawai take iyawa, sai an ɗaura mata rizista zuwa layin wuta kafin ta ɗaga sama. Wanda ya sa ta a gurbin aisin da ke ɗagawa da kanta, bai ƙara rizistan ba, zai ɗauka jabu aka sayar masa. Ƙwararre yakan duba ƙarfin wutar da sabuwar ke ɗauka, da kuma ɗan tazarar da ake bari tsakanin matakin kunnawa da na kashewa. Rashin wannan tazara ne ke sa fitila ƙyaftawa da magariba.

Duk wannan yana sauƙi idan akwai zanen da'irar na'urar. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta fayyace irin kayan da za a kawo, dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 kuma ta bai wa hukumar tarayya kwana 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Matashin Gwarzo ko Kabo na iya neman takardar kwangilar fitilar unguwarsu, ya ga samfurin da aka biya kuɗinsa, da tsawon garanti, da wanda aka ɗora wa gyara.