Tsokar da Aka Gina Ba Ta Mantuwa

Duk wanda ya saba leƙa wuraren ɗaga ƙarfe ya san fargabar samarin wurin. Saurayi zai yi wata shida yana fama da ƙarafa, ƙwanji ya fito, ƙirji ya buɗe, sai jarrabawa ta taso, ko tafiya, ko azumi ya kama, ya ɗauke ƙafa. Kafin mako biyu ya ji hannun riga ya yi masa yawa. Ba a rasa mai ce masa: "Ai shi ke nan, tsokar ta narke ta koma kitse."

Wannan magana ba ta da tushe. Tsoka daban, kitse daban, ɗaya ba ya rikiɗewa ya zama ɗaya. Mutum ne ya daina wahala bai rage loma ba, sai teɓa ta sami wurin zama. Ramar makonnin farko kuma yawancinta ruwa ne. Tsoka tana ajiye wani nau'in sukari da ake kira gilaikojin, kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kamar giram uku. In atisaye ya tsaya, ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta. Naman kansa sai an kai mako uku zuwa huɗu yake fara raguwa a fili, ƙarfi kuwa ya fi girman tsoka jimiri, domin jijiyoyi sun riga sun koyi aikin.

To, tsoka tana raguwa, babu musu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da take bari a baya.

Zaren tsoka ba kamar sauran ƙwayoyin jiki yake ba. Galibinsu cibiya ɗaya gare su, shi kuwa yana da cibiyoyi masu yawa, kuma su ke ba da umarnin ƙera furotin. A shekarar 2010, Farfesa Kristian Gundersen da abokan aikinsa a Jami'ar Oslo ta Norway sun nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka ɗora wa tsoka nauyi, sababbin cibiyoyi ke fara shigowa kafin ta kumbura, kuma bayan ta motse cibiyoyin suna nan. Kamar manomi ne da ya ƙara rumbuna a shekarar albarka: hatsi na iya ƙarewa, amma rumbunan na tsaye suna jiran kaka. A 2013 suka bai wa wasu ɓeraye sinadarin testosterone na mako biyu, suka janye shi. Bayan wata uku da aka sa su aiki, tsokarsu ta yi saurin girma fiye da ta waɗanda ba a taɓa ba su ba. Wannan ya sa wasu ke tambaya ko dakatar da ɗan wasan da ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari na 'yan shekaru ya isa hukunci. Masana dai har yanzu suna muhawara a kan ko cibiyoyin nan suna dawwama haka a jikin ɗan Adam.

Sakamakon kuwa an gan shi a jikin mutane. A 2024, masu bincike a Jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finland sun raba sababbin shiga gida biyu. Kashi ɗaya suka yi mako 20 a jere suna ɗaga ƙarfe. Ɗaya kashin suka yi mako 10, suka huta mako 10, suka koma na wasu 10. Masu hutun sun rame, amma cikin mako biyar da komawa sun maido abin da suka rasa, kuma a ƙarshe bambancin kason biyu bai taka kara ya karya ba.

Ba ma sai an daina ɗungurungum ba. A wani bincike na Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka, wanda ya fito a 2011, mutane sun yi atisaye sau uku a mako na tsawon mako 16, sannan aka rage musu aiki na mako 32. Matasa sun riƙe tsokarsu da kashi ɗaya bisa tara na aikin farko, sau ɗaya a mako, muddin ba a sauƙaƙa nauyin ƙarfen ba. 'Yan shekara 60 zuwa 75 sun riƙe ƙarfinsu, amma girman tsokar ya zame musu.

A nan ne damuwata take. Saurayin da ya yi hutun wata guda bai yi asarar da za ta hana shi barci ba. Dattijon da ciwo ya kwantar shi ne abin ji. Wani bincike na 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana goma, sai aka ga sun rasa kusan kilo guda na naman ƙafafu. Mu kuwa don ƙauna muke cewa, "Baba, kwanta ka huta, kada ka motsa," har ranar da zai yunƙura ya tashi daga tabarma gwiwa ta ƙi. In likita ya yarda, a kama hannunsa ya taka zuwa ƙofar gida, ya zauna a kujera ya miƙe sau biyar ko goma, safe da yamma, a kuma tabbata akwai wake, ƙwai, kifi ko nono a kwanonsa.