Ina 'yan matan suka shiga?

Tambayi malamar firamare a Kawo ko Unguwar Rimi ta lissafo maka yara masu galahanga da suka ratsa ajinta, da wuya ka ji sunan mace. Likitoci ma sun daɗe suna cewa maza huɗu, mace ɗaya. To, ina matan suke?

Mu fara bin sawu daga tushe. Leo Kanner, wanda ya siffanta larurar a Amurka a 1943, yara 11 ya duba, takwas maza ne. Hans Asperger na Austiriya ya kawo huɗu a 1944, duk maza. Da ɗabi'un maza aka tsara ma'aunin gano larurar, ba mamaki su ya fi kamawa.

A 2002 Simon Baron-Cohen na Jami'ar Kambirij ya ce galahanga ƙwaƙwalwar namiji ce da ta wuce gona da iri. Maganar ta yi tashe, amma ba ta gamsar da kowa ba. Binciken ƙwayoyin gado na 2014 ya nuna mata masu larurar sun fi maza ɗauke da sauye-sauye masu illa, wato kamar mace na da wata kariya, sai abin ya yi nauyi yake bayyana. A 2015 masana a Jami'ar Stanford suka gano 'yan matan ba su cika maimaita motsi kamar maza ba, sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi ma sun bambanta tsakaninsu.

Bakin zaren ya fito a 2017, da aka yi bitar bincike 54. Inda masu bincike suka tantance yara da kansu maimakon jiran waɗanda aka kai asibiti, lissafin ya koma kusan uku da ɗaya. Ashe bambancin halitta gaskiya ne, amma akwai matan da ido ke tsallakewa.

A wurinmu abin ya fi sauƙin ɓuya. Yaro in yana kaɗa hannu yana ihu a gidan biki, nan da nan a ce aljanu, a nemi mai ruƙiyya. Yarinya kuwa ta rakuɓe a lungun tsakar gida tana jera murafen kwalba, ba ta haɗa ido da kowa, sai a ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya."

Uwa, in 'yarki ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ko magana ta yi mata jinkiri, kada ki tsaya ga yabon kunya. Kai ta wajen likitan yara a Asibitin Barau Dikko, ko ki tsallaka gada zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.